Kwamfutar Da Baba Yake Jira

SHAFI NA 23

Sallama gare ku, masu bibiya. Na karanta saƙonninku, har da na waɗanda suka ce Baba ya ishe su da taurin kai. Ku ɗan sassauta masa har ku kai ƙarshen wannan shafi. Ga wanda yau ya shigo: Baba injiniya ne mai ƙaramin ofishin zanen gini, autarsa ce take taya shi aiki. Tsohuwar kwamfutar ofishin ta mutu, Alhaji ɗan kwangila kuma ya ce in ragowar zanen benensa bai iso ba kafin mako ya fita, zai kai aikin wani ofishi.

*

"Baba, mun iso."

Bai motsa ba. Hannuwansa na kan gwiwa, fuskarsa na fuskantar gilashin mota.

"Baba."

"Na ji ki, Auta. Ni dai na gaya miki zuwan nan ɓarnar mai ce."

"To mun riga mun ɓarnatar. Ka fito mu shiga."

Ta zagayo ta buɗe masa ƙofa. Ya sauko a hankali, ya gyara zaman hularsa, ya bi bayanta yana ƙananan maganganu a kan 'ya'yan zamani da gaggawarsu. Tun jiya ba abin da ya shiga cikinta sai ruwa, kuma ta san in ta buɗe baki yanzu kuka ne zai riga magana fitowa.

Sanyin shagon ya tare su tun daga bakin ƙofa. Kwamfutoci ne jere a kan kanta, duk a buɗe, kwalaye kuma a bayansu har rufi. Mai shagon ya ɗago kai, ya washe baki.

"A'a! Injiniya da kansa! Yau har da rakiya? Kafin ka tambaya, ranka ya daɗe, ba ta iso ba."

Auta ta juyo.

"Ka san shi ne?"

"Wa? Injiniya? Hajiya, kujerar nan da kike gani ta fi sanin bayansa fiye da nawa. Duk bayan 'yan kwanaki sai tasi ta sauke shi. Sabuwa ta iso? In ce masa ba ta iso ba. Ya sha ruwa, mu yi hirar duniya, ya tafi."

"Kai dai ba ka da sirri," in ji Baba, yana laluben bayan kujerar da hannu kafin ya zauna.

Ba ta taɓa sanin yana zuwa nan ba. Amma yau ba ranar tambaya ba ce. Ta dafa kantar shagon da hannu biyu.

"Malam, wadda za ta ɗauki manhajar zanen gini nake so. Mai ƙarfi, wadda ba za ta tsaya tana nishi ba in an buɗe babban zane. Yau nake so, yanzu."

"Akwai, Hajiya. Ga wannan, ga waccan baƙar."

"Ba za mu saya ba," Baba ya ce.

"Baba!"

"Na ce ba za mu saya ba. Kallo muka zo. Wanda ya sayi ta yau, gobe sabuwa ta sauka, ya zama mai tsohon kaya. Kuma ranar da ta sauka, waɗannan duk farashinsu zai karye. Ko ba haka ba ne, mai shago?"

Mai shagon ya sosa ƙeya.

"Haka ne, ba haka ba ne, ranka ya daɗe. Wadda kake jira, ranar da ta sauka akwai wata a bayanta tana ɗaura takalmi. Ni da nake sayar da su ma na gaji da binsu."

"Ka ji, Baba? Ka ji daga bakin mai kaya?"

"Mai kaya so yake ya sayar."

Ta durƙusa a gefen kujerarsa, ta rage murya don kada mutanen da ke ɗaya gefen shagon su ji.

"Baba, don Allah ka saurare ni. Mai gyara ya ce tsohuwar nan ba za ta ƙara tashi ba, kai ma kana wurin. Na ari ta ƙawata, ta kasa buɗe zanen. Na je shagon buga takardu, tasu ta daskare, suka ce in tashi ina tsare musu layi. Ba inda ban je ba. Kuɗin nan suna ajiye, ba na kowa za mu taɓa ba. Alhaji ne kaɗai babban aikin da ya rage mana. In ya tafi, me za mu buɗe ofis mu yi? Mu share ƙasa mu rufe?"

"Alhaji zai jira. Tun ba a haife ki ba nake masa zane."

"Ba zai jira ba! Ma'aikatansa na zaune a wurin gini yana ciyar da su ba aiki."

"Ki yi haƙuri kaɗan, Auta. Kaɗan ya rage."

"Kaɗan ɗin nan tun bara nake jin sa."

Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Ta ciro, ta ga sunan Alhaji. Ta miƙe ta matsa gefe.

"Salamu alaikum, Alhaji, ina wuni."

"Lafiya. Na zo ofis na tarar da kwaɗo. Kuna ina?"

"Muna shagon kwamfuta na kan babban titi, Alhaji. Sabuwa za mu ɗauka yanzu. In sha Allahu zanenka..."

"Injiniya yana tare da ke?"

"Yana nan."

"Ku tsaya nan, kada ku tafi. Ina kusa. Akwai abin da nake so ya gani."

Ya kashe kafin ta tambayi mene ne.

Ta dawo da sauri, ta zaro ɗan filashin da ke rataye a zaren wuyanta, ta miƙa wa mai shagon.

"Malam, zanen yana ciki. Sa shi a baƙar nan ya gani da idonsa. Baba, in ka ga yadda take fitar da aiki ka ce ba ta yi ba, wallahi na haƙura, ba zan ƙara magana ba."

"Ba sai an..."

"Ka duba kawai. Dubawa ba saye ba ne."

Mai shagon ya karɓi filashin, ya juyo da kwamfutar ta fuskanci Baba, ya matso da ita bakin kanta. Ya taɓa ta, fuskarta ta kawo haske. Sai ya lura batirinta ya yi ƙasa, ya sunkuya ƙarƙashin kanta yana neman caja.

Baba ya matso da kujera. Ya karkatar da kai gefe, yadda ya saba yi in yana nazari. Ya ɗan jima. Ya yi gyaran murya.

"To, ba laifi. Layukan sun fito. Amma ba su kai na tamu kauri ba. Kin ga filolin nan na gaba, ginshiƙan benen? Sun dushe. Matakalar ma ba ta fito sosai ba. Shi ya sa na ce a jira."

Auta ta dubi fuskar kwamfutar.

Wasu jajayen kifaye ne suke yawo a cikin shuɗin ruwa, irin hoton da ake bari a kan kayan talla. Ɗaya ya kaɗa wutsiya ya wuce, wani ya biyo shi.

Mai shagon ya ɗago da caja a hannun dama. Filashin yana hannunsa na hagu, bai ko cire masa murfi ba. Ya dubi kifayen, ya dubi Injiniya, ya dubi Auta. Dariyar da ke fuskarsa tun shigowarsu ta sauka.

"Hajiya," ya ce a hankali, "bari in dubo wani kaya a sito."

Ya ajiye filashin a kan kanta ba tare da ƙara ba. Ya ja sauran masu sayayya zuwa can ƙarshen shago da zancen firinta, ya bar su su biyu.

"Me ya faru?" Baba ya tambaya. "Kin yi shiru. Ba ki yarda sun dushe ba?"

Ta sake durƙusawa a gefen kujerarsa.

"Baba, mene ne a gabanka?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Zanen Alhaji mana."

"Ba a sa filashin ba tukuna."

Hannunsa da ke kan kantar shagon ya tsaya cak.

"Kifi ne, Baba. Kifaye ne suke yawo a ruwa."

Sai ya janye hannun, ya cire tabarau, ya riƙe shi a cinya. Ba tabarau, fuskarsa ta zama ta wani tsoho da ba ta sani ba.

"Wane launi ne?" ya ce.

Hawayen da take ta dannewa tun safe suka zubo.

"Ja."

"To. Na ga jan. Na zaci layin fila ne."

"Tun yaushe?"

"Kada ki yi kuka a shagon mutane."

"Baba, tun yaushe?"

Ya sauke numfashi.

"Ya kwana biyu. Ciwon sugan nan ne ya taɓa bayan idon, haka likita ya ce. Gefe-gefe ina gani. Ina ganin ƙofa, ina ganin mutum ya gifta, ba na karo da bango. Tsakiyar ce babu. Duk abin da na sa wa ido, shi ne yake ɓacewa. Ke ma yanzu, ina ganin mayafinki, ba na ganin fuskarki."

Abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ya miƙa mata makullin mota ya ce ya kamata hannunta ya faɗa. Yadda ya daina karanta jarida ya ce duk ƙarya ce a ciki. Faɗan da ya yi mata, wanda bai taɓa yi ba, don kawai ta goge masa tebur ta matsar da abin ajiye biro.

"Umma ta sani?"

"Wa kike tsammani yake jera min riga da hular da ta dace da ita?"

"Ni kaɗai ce bare kenan. Ni da nake zaune da kai a ɗaki ɗaya daga safe har yamma."

"Ke ce wadda na fi jin kunya."

Ta share fuska da gefen mayafi.

"To ta yaya kake aiki? Ina ganinka kana bugawa, zane yana fita."

Wani ɗan murmushi ya zo masa, irin na mai sana'a da aka tambayi sirrin hannunsa.

"Tsohuwar nan hannuna ya haddace ta. Na ɗiga gam a kan wasu maɓallan, yatsa yana jin su. Ba na neman komai da maus, umarni nake bugawa, in buga tsawo, in buga faɗi, layi ya tafi inda na aike shi. Na san inda kowane abu yake zaune, don ni na ajiye shi tun ina gani. Ba ta taɓa canja min wuri ba. Ba ta taɓa tona min asiri ba sai da ta mutu."

Ya nuna wajen sabuwar kwamfutar da haɓa.

"Wannan kuwa? Komai nata sabo ne. Maɓallanta sumul, manhajarta an sake mata fasali. Ranar da kika ajiye ta a teburina, ranar zan zama kujera ta biyu a ofis."

"Shi ya sa kake cewa a jira."

"Ba ƙarya nake yi ba, Auta. Jira nake da gaske." Muryarsa ta yi ƙasa. "Na ji a rediyo ana hira, wai masu zuwa nan gaba magana ake musu su yi, kuma duk abin da ke fuskarsu sai su faɗa wa mutum. Na ce to, in Allah ya kawo ta, zan ce mata ja layi ta ja, in ce karanta min ta karanta. Ba wanda zai sani. In lallaɓa haka har ki ci jarrabawar ƙungiyar injiniyoyi ki sami hatiminki, in miƙa miki makulli da mutuncina. Abin da nake roƙo kenan. Ban roƙi idon ya dawo ba."

Ta kifa goshinta a kan hannun kujerar. Ta san abin da yake nufi sarai. Ta gama karatu, ta iya aikin, amma hukuma ba ta karɓar zane sai da hatimin injiniya mai lasisi. Hatimi ɗaya ne a ofishin nan, kuma sunan Baba ne a jikinsa. Ranar da aka ji mai hatimin ba ya gani, ba Alhaji kaɗai zai tafi ba.

Takun mai shagon ya matso, ya tsaya nesa kaɗan yana gyaran murya.

"Matso," Baba ya ce, yana mayar da tabarau. "Ai ka riga ka gani. Tambayarka zan yi, kuma ka ajiye bakin ciniki ka amsa min tsakaninka da Allah. Mai zuwan nan, za ta karanta min zane?"

Mai shagon ya sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, da na san abin da kake nema kenan, da tuni na gaya maka. Rubutu, ko waɗannan na gabanka ana iya sa su karanta. Zane kuwa, da layi da lamba a kowace kusurwa... wallahi ban sani ba. Ban gan ta ba, ban taɓa ta ba, ban san ranar zuwanta ba. Masu talla bakinsu ya fi kayansu girma. Ba zan ce maka ka ɗora ofishinka a kan abin da ni kaina a waya na gani ba."

"Duk zuwan da nake yi."

"Na zaci rangwame kake jira, ranka ya daɗe."

Baba ya yi 'yar dariya wadda ba daɗi a cikinta.

Auta ta kama hannunsa.

"Baba, mu ɗauki wannan. Ni zan zauna a gabanta, kai ka zauna kusa da ni. Lissafin naka ne, ba wanda ya kai ka. Ka faɗa in zana, in gama in bi maka shi layi-layi har ka gamsu. Ba za ka zama kujera ba. Amma in muka fita shagon nan hannu wofi, wallahi ofishin ne gaba ɗaya zai zama kujeru."

"In sa hatimi a kan abin da ban gani ba."

"A kan abin da 'yarka ta gani. Wa ya koya min?"

Yatsunsa suna motsi a kan gwiwa, kamar suna neman maɓallan da ba su nan. Can ya ɗago.

"Mai shago."

"Ranka ya daɗe."

"Sa mata baƙar a kwali."

Mai shagon ya rufe kwamfutar, ya jawo kwali, yana aiki da sauri kamar mai tsoron kada a fasa.

Auta tana kallonsa yana naɗe wayar caja, sai wani tunani ya sauko mata.

"Baba."

"Na'am."

"Takardar filolin benen Alhaji. Wadda aka riga aka kai wurin gini. Lokacin ina kwance da zazzaɓi."

"Ni na yi ta."

"Kai kaɗai?"

"Lissafinta yana kaina har yanzu. In kina so in karanto miki adadin rodin kowace fila. Daidai yake."

"Na san abin da ke kanka daidai ne. Abin da yatsanka ya buga fa? Wa ya duba?"



Ƙofar shagon ta buɗe, zafin waje ya shigo tare da Alhaji. Takalmansa duk siminti, babbar takarda a naɗe a hammatarsa. Bai yi wasan da ya saba yi da Auta ba, bai tambayi mutanen gida ba. Sallama kawai ya yi, ya ture kwalin gefe, ya warware takardar a kan kanta, ya danne gefenta da wayarsa.

"Injiniya, mai ɗaurin rodina ya ajiye aiki tun safe. Ya ce shi ba zai ɗaura abin da ke rubuce a nan ba ko za a kore shi. Na ce masa takardar Injiniya ba a yi mata gardama. Ya ce in zo in tambaye ka."

Auta ta miƙa hannu.

"Alhaji, kawo in..."

"Ke dakata, 'yata." Bai ko dube ta ba. "Mai hatimi nake tambaya."

Ya ɗora yatsa a tsakiyar takardar, ya tura ta gaban Baba.

"Karanta min lambar nan."